Mai Rabon Faɗa a Cikin Jini: Yadda Za Ka Zana Tireg da Wutar da Take Ci a Takarda Ɗaya

Duk wanda ya taɓa ratsa babbar kasuwar Garwa da hantsi ya san muryar nan ta lasifika: magani ɗaya, ciwo arba'in, kuma "yana ƙara ƙarfin garkuwar jiki". Ranar wata Asabar, cikin ɗaliban da ke zuwa bita a zaurenmu na Hausare, wata mai shirin shiga makarantar likitanci ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to idan garkuwar ta yi ƙarfi har ta wuce gona da iri fa?" Na ce mata, 'yata, kin taɓo inda gizo ke saƙar. A kan amsar wannan tambayar aka ba mutum uku kyautar Nobel ta fannin likitanci a watan Oktoban 2025: Mary Brunkow da Fred Ramsdell na Amurka, da Shimon Sakaguchi na Japan.

Jiki yana da wasu ƙwayoyin halitta da aikinsu shi ne rabon faɗa, su hana sojojin garkuwa juyowa kan mai gida. Wani rukuni ne na ƙwayoyin garkuwa da ake kira ƙwayoyin T. Turawa sun taƙaita sunansu, mu ma mu ce Tireg. Na lura ɗalibai suna haddace sunayen furotin ashirin a kanta, amma da an juya tambaya sai su yi tsuru-tsuru. Abin da ya fi mini aiki shi ne in sa su zana ta da hannunsu. Nemi babbar takarda guda, ka ajiye ta a kwance, da biro uku: baƙi na suna, ja na abin da ke zuga, shuɗi na abin da ke kwantarwa. Ka ware yamma biyu. Kada ka kwafi zanen littafi.

Mataki na farko: san wadda kake zanawa

Zana babban da'ira a tsakiyar takarda, da ƙaramin da'ira a cikinsa, wato cibiyar ƙwaya inda kayan gado suke. A fatar waje rubuta CD4 da CD25, furotin biyu da ke manne a jikinta. A cikin cibiya rubuta FOXP3 da manyan baƙaƙe. Waɗannan ukun su ne katin shaidarta. A jinin mai lafiya, cikin ƙwayoyin T ɗari masu ɗauke da CD4, kusan 5 zuwa 10 ne Tireg.

Ka riƙe tarihin, domin shi ke sa sunayen su zauna a ka. Tun a 1969 masu bincike a Japan suka ga cewa idan aka cire wa ɗan ɓera timus, wato ƙullutun naman nan da ke bayan ƙashin ƙirji, yana ɗan kwana uku, garkuwarsa sai ta far wa gaɓoɓinsa. A 1995 Sakaguchi ya nuna cewa masu hana irin wannan faɗa wasu ƙwayoyin CD4 ne masu ɗauke da CD25; idan ɓera ya rasa su faɗan ya tashi, idan aka mayar da su ya lafa. A can Amurka kuma akwai wani irin ɓera da ya ɓulla a ɗakin binciken Oak Ridge tun 1949, mazansa na fitowa da ɓawon fata da kumburarren saifa, su mutu cikin 'yan makonni. A 2001 Brunkow da Ramsdell suka gano ƙwayar gadon da ta lalace a cikinsa, ita ce FOXP3, aka kuma tabbatar cewa lalacewarta ce ke kawo wa jarirai cutar IPEX: gudawa marar tsayawa, ciwon suga tun a zanen goyo, da ƙuraje. FOXP3 tana kan kuromozom X, shi ya sa yara maza ne cutar ke kamawa. A 2003 aka ɗaure zaren biyu: FOXP3 ce ke mayar da ƙwaya Tireg.

A gefen hagu na takarda ka ja kibiya biyu masu shiga da'irar. Ɗaya daga timus, inda ake haihuwar mafi yawansu. Ɗaya daga hanji, inda ƙwayar CD4 ta gama-gari kan rikiɗe ta zama Tireg idan ta tarar da yanayin da ya dace. Ta biyun ta fi saurin sauya sheƙa, za mu dawo kanta.

Mataki na biyu: kayan aikinta

Wannan ba ya buƙatar ɓata lokaci. A gefen dama, da shuɗin biro, rubuta abu huɗu. Tana fitar da saƙonnin sanyaya rai, IL-10 da TGF-beta da IL-35. Tana da CTLA-4, wanda ke fizge CD80 da CD86 daga jikin ƙwayoyin da ke kai rahoton baƙo, sai rahoton ya isa babu hatimi. Tana da CD39 da CD73, masu mayar da ATP, wato sinadarin kuzarin ƙwaya, wanda ya zube a wurin rauni zuwa adenosin, shi kuma yana kashe wa sojoji jiki. Sannan tana shanye IL-2 ɗin da sojojin ke buƙata don su hayayyafa. Abin lura ɗaya ne: duk waɗannan ƙera su ake yi, kuma ƙira sai da wuta. Mai rabon faɗa ba barci yake yi ba.

Mataki na uku: murhu biyu

Nan ne zuciyar darasin, don haka ka zauna sosai.

Lokacin hunturu, da asuba, yara kan tara karan dawa a ƙofar gida su cinna. Kafin ka ƙifta ido harshen wuta ya kai ƙugu, kowa ya miƙa tafin hannu, minti biyu sai toka, a sake rugawa neman kara. Can gefe kuma mai shayi ya hura gawayinsa tun kiran assalatu. Ba harshe, ba ƙara, sai jan garwashi da yake ɗan fifitawa da murfin kwali, amma butarsa na tafasa har rana ta take. Ƙwayar halitta tana da murhun nan guda biyu.

Wutar kara ita ce gilikolisis. Ana farfasa gulukos a cikin ruwan ƙwaya, ba a jiran iskar oksijin, a samu ribar ATP 2 kacal daga kowane gulukos, a zubar da saura a matsayin laktat. Wutar gawayi tana cikin mitokondiriya, 'yan ɗakunan samar da kuzari na cikin ƙwaya: a shigar da abin da ya rage na gulukos, ko kitse, a ƙone shi sannu a hankali da oksijin, gulukos ɗaya ya ba da ATP kusan 30 zuwa 32. Kitse ya fi haka auki, ƙwayar falmitat ɗaya tana ba da sama da 100.

Sojan da ya ga baƙo, wato ƙwayar T mai kai hari, wutar kara yake hurawa ko da oksijin na nan. Ɓarna ce, amma sauri yake so, kuma guntattakin gulukos ɗin su ne tubalin gina sababbin ƙwayoyi. Otto Warburg na Jamus ya fara ganin irin wannan ɗabi'a a ƙwayoyin ciwon daji tun shekarun 1920. Tireg kuwa ta fi jingina da gawayi. A 2011 ɗakin binciken Jeffrey Rathmell ya nuna cewa Tireg ɗin ɓera ba ta cika ɗaukar gulukos ba, ta fi ƙona kitse. A 2017 kuma aka nuna cewa FOXP3 da kanta ce ke rage wa Myc murya, shi ne mai ingiza gilikolisis, ta kuma ƙarfafa aikin mitokondiriya. Sakamakon haka Tireg na iya rayuwa inda gulukos ya yi ƙaranci laktat ya yi yawa, wurin da sojan hari ke galabaita.

Yanzu zana. A ƙasan da'irarka, ɓangaren hagu, ƙaramar wuta da jan biro, ka rubuta "2". Ɓangaren dama, zana mitokondiriya kamar ƙwayar wake, da shuɗi, ka rubuta "30". A bakin waken rubuta CPT1, ƙofar da dogon kitse ke bi ya shiga. Daga FOXP3 ja layi mai tare hanya zuwa Myc, da kibiya zuwa waken.

Sai dai ka yi hattara da kuskuren da na fi gani a takardun jarrabawa, wato "Tireg ba ta amfani da gulukos". Ƙarya ce. Idan za ta hayayyafa, ko za ta yi tattaki zuwa inda kumburi yake, tana hura wutar kara. An nuna a 2017 cewa tafiyarta na dogara da gilikolisis. Mai shayi ma da kara yake tayar da gawayinsa. Matsala tana zuwa ne idan wutar karan ta ƙi mutuwa: ƙwayoyin su yi yawa, amma FOXP3 ta yi rauni, rabon faɗa ya gagara. Haka kuma maganar kitsen ma an rage mata gishiri. Yawancin gwaje-gwajen farko da wani sinadari mai suna etomoksir aka yi su, a ma'auni mai yawa, daga baya a 2018 aka gano cewa a wannan ma'aunin yana taɓa wasu wurare ban da CPT1, kuma ɓerayen da aka cire wa CPT1a a ƙwayoyin T sun ci gaba da samar da Tireg. Abin da ya tsaya daram shi ne buƙatar lafiyayyar mitokondiriya. Wane itace ake zuba mata, wannan ya danganta da abin da ke kusa.

Mataki na huɗu: saƙonnin da ke shigowa daga waje

A saman da'irar zana ƙofa uku.

Ta farko TCR, idon da kowace ƙwayar T ke gane abu da shi. Tireg na buƙatar ya riƙa taɓuwa a kai a kai, in ba haka ba tana nan da suna amma ba aiki.

Ta biyu ita ce ta IL-2, kuma ita na fi so in koyar. Tireg ba ta iya samar da IL-2, alhali ba ta rayuwa sai da shi. Sojojin da take tsawatarwa su ne ke samar da shi. Ka tuna mai gadin layin 'yan atamfa: 'yan kasuwar da yake hana wa kwana a rumfa su ne ke haɗa masa kuɗin wata, kuma kasuwa na ci, kuɗin gadi na ƙaruwa. Haka nan sojoji na yawa, IL-2 na yawa, Tireg na ƙaruwa ta taka musu birki. CD25 da ka rubuta tun farko shi ne ɓangaren makamar IL-2 da ke sa ta cafke shi ko da ɗan kaɗan ne a wurin. Daga wannan ƙofa ja kibiya ta bi ta JAK1 da JAK3, ta kai STAT5, ta shiga cibiya ta tsaya kan FOXP3. A kan wannan hikimar likitoci suka gwada ba marasa lafiya IL-2 ɗan ƙanƙani, wanda zai ishi Tireg amma ba zai tayar da sojoji ba. An buga sakamakon gwaji biyu na farko a 2011, ɗaya daga Faris kan kumburin jijiyoyin jini mai alaƙa da ciwon hanta nau'in C, ɗaya daga Boston kan masu dashen ɓargo.

Ta uku TGF-beta, mai bi ta SMAD. Shi ne ke rikiɗar da ƙwayar gama-gari ta zama Tireg a hanji, musamman idan akwai asid ɗin retinoyik, wanda jiki ke yi daga bitamin A. Amma ɗauki jan biro ka rubuta IL-6 kusa da shi. Idan IL-6 ya shigo tare da TGF-beta, STAT3 ce ke karɓar magana, ƙwayar ta koma Th17, mai hura kumburi. Gari ɗaya, ruwa ɗaya, abin da aka barbaɗa a kai ne ya raba kunu da koko.

Mataki na biyar: mai duba rumbu

Tsakanin ƙofofin sama da murhunan ƙasa zana akwati, ka rubuta mTOR. Shi ne mai leƙa rumbu kafin a ɗora tukunya. Yana jin saƙon TCR da IL-2 ta hanyar PI3K da AKT, yana jin yawan amino asid, musamman lusin da arjinin, yana kuma jin ko akwai kuzari. Idan komai ya wadata sai ya ce a hura wuta, a yi gini, a hayayyafa. Sunansa ya samo asali ne daga rafamaisin, maganin da aka samu daga wata bakteriyar ƙasa ta tsibirin Rapa Nui a tekun Fasifik.

Ni kaina na daɗe ina koyar da cewa mTOR maƙiyin Tireg ne, tunda rafamaisin, mai danne shi, yana sa Tireg ta rinjayi sauran ƙwayoyin T a kwanon gwaji. Wani ɗalibi ne ya zo mini da takardar bincike a wayarsa, ya ce, "Malam, gafarta mini, wannan kamar ya saɓa da abin da muka rubuta." Kunya ta kama ni, amma shi ke da gaskiya. A 2013 ɗakin binciken Hongbo Chi a Memfis ya cire Raptor, ginshiƙin mTORC1 (ɗaya daga rukunan da mTOR ke aiki a cikinsu), daga Tireg ɗin ɓeraye kawai. Ƙwayoyin suna nan da FOXP3 ɗinsu, amma aikin ya tsaya, ɓerayen suka mutu da kumburi tun suna ƙanana. Dalili shi ne mTORC1 ke buɗe hanyar mebalonat, wadda ake ƙera kolestarol ta cikinta, kuma da ita Tireg ke samun hayayyafa da ɗaga CTLA-4 da ICOS.

Sai ɗaya gefen. PTEN shi ne linzamin PI3K. A 2015 aka cire shi daga Tireg, AKT ya yi ta gudu ba mai tsayar da shi, gilikolisis ta hau, CD25 ya sauka, FOXP3 ta fara zamewa, ɓerayen suka kamu da ciwo mai kama da lufus, cutar da garkuwa ke far wa mai ita. AKT idan ya yi yawa yana korar FOXO1 daga cibiya, ita kuwa tana cikin masu riƙe wa Tireg halinta. Haka ya faru da aka hana Tireg otofaji, wato sharar cikin gida da ƙwaya ke yi tana narkar da tsofaffin kayanta: mTORC1 da Myc suka haukace, ƙwayar ta rasa natsuwa.

Don haka a jikin akwatin mTOR zana ma'auni irin na mai awon hatsi, ka yi alama a tsakiya. Ƙasa da alamar rubuta "ba aiki". Sama da ita rubuta "ba tabbas". Kewaye da akwatin, da shuɗi, sa masu riƙe linzami: PTEN, otofaji, da LKB1. AMPK ma yana nan, shi ke farkawa idan ATP ya ragu ya ce a rage kashe kuɗi. Da ja kuma ƙara HIF-1 alfa, wanda ke tashi idan oksijin ya yi ƙaranci, ya ƙarfafa gilikolisis, ya karkata ƙwaya wajen Th17. Idan ka fahimci wannan ma'aunin, rabin tambayoyin da za a yi maka sun amsu.

Mataki na shida: haɗa murhu da cibiya

Yawancin ɗalibai a nan suke barin zanensu a tsinke, wuta a ƙasa, FOXP3 a sama, ba abin da ya haɗa su. Ga zaren.

A jikin ƙwayar gadon FOXP3 akwai wani yanki, CNS2. Idan an liƙa masa alamomin metil, kamar an sa wa ɗaki kwaɗo ne. A Tireg ɗin timus kwaɗon a buɗe yake, shi ya sa ko ta rabu gida biyu 'ya'yanta na tashi da FOXP3. A wadda aka rikiɗar a kwanon gwaji galibi a rufe yake, shi ya sa take saurin komawa gidan jiya. Masu cire kwaɗon su ne enzayim ɗin TET, kuma ba sa aiki sai da oksijin, da sinadarin ƙarfe, da alfa-ketogulutarat, bitamin C kuma na ƙara musu kuzari. Alfa-ketogulutarat daga ina? Daga zagayen Krebs, cikin mitokondiriya. A 2019 ɗakin binciken Navdeep Chandel a Shikago ya lalata rukuni na uku na sarƙar numfashin mitokondiriya a Tireg ɗin ɓeraye. Adadinsu bai ragu ba, FOXP3 na nan, amma suksinat da wani ɗan'uwansa suka taru, irin abubuwan da ke toshe TET, metil ya ƙaru a kayan gado, ƙwayoyin suka daina rabon faɗa. Ja doguwar kibiya shuɗiya daga waken nan zuwa TET, daga TET zuwa CNS2. Murhu ba kuzari kaɗai yake bayarwa ba, hayaƙinsa ma saƙo ne.

Mataki na bakwai: kai ta unguwa-unguwa

Juya bayan takardar. Tireg ɗaya ce, amma halinta na bin inda ta sauka.

A babban hanji, bakteriya na ruɓar da abin da cikinmu bai narkar ba, irin dusar gero da dawa, ɓawon wake, yauƙin kuɓewa da zaren ganye, su fitar da gajerun kitse: asetat, furofiyonat da butirat. A 2013 ɗakunan bincike uku suka nuna a ɓeraye cewa waɗannan na ƙara Tireg ɗin hanji. Butirat yana danne enzayim ɗin HDAC, sai yankin FOXP3 ya saki jiki a karanta shi. Wannan ne ya sa nake kallon tuwon masakwa da miyar kuka ko tafasa ko yakuwa da mutunci, nake kuma jin takaici idan na ga ana sayen maganin kashe bakteriya a tire kamar gyaɗa saboda mura. Gishiri kuwa akasin haka yake yi: an nuna a 2015 cewa yawansa na raunana Tireg, har ta fara fitar da intaferon gama irin na sojan hari. Akasarin wannan a ɓera da kwanon gwaji aka gani, don haka kada ka fita kana cewa miyar kuka na warkar da lufus.

A cikin ƙarin ciwon daji labarin ya juye. Ƙwayoyin dajin sun shanye gulukos sun cika wurin da laktat, sojoji na jin yunwa, Tireg kuwa na ɗaukar laktat ta MCT1 da kitse ta CD36 tana ƙiba. A nan mai rabon faɗa ɓarawo yake karewa.

Sai cututtukanmu na gida. Tsutsotsin ciki da na tsargiya, wadda masunta da yaran bakin tafkin Lagdo suka sani sarai, gwanaye ne wajen ƙara Tireg don a ƙyale su su zauna shekaru. Akwai ma wata tsutsar hanjin ɓera da ke fitar da furotin mai kwaikwayon TGF-beta. Kan zazzaɓin cizon sauro kuma, an daɗe da lura a Burkina Faso cewa Fulani ba sa kamuwa kamar maƙwabtansu Mosi. A 2008 wani bincike da Maria Gabriella Torcia da David Modiano ke ciki ya tarar cewa a ƙwayoyin Fulanin da aka gwada FOXP3 da CTLA-4 da TGF-beta sun fi ƙasa, wato birkin ya fi sassauci, martanin garkuwa ya fi zafi. A Burkina aka yi wannan, ba a Binuwai ba. Kada kawunnaina na Fulɓere su ji haka su naɗe gidan sauro, Barebari na nan na jiran abin tsokana.

Mataki na takwas: ɓata zanen da gangan

Kira abokin karatu. Ya sa yatsa ya rufe abu ɗaya a takardar, kai kuma ka faɗi abin da zai biyo baya, da baki, ba ka duba littafi ba. Fara da waɗannan. Mai dashen ƙoda na shan takrolimus ko saikulosforin, masu hana a samar da IL-2: me zai sami mai gadin da aka daina haɗa wa kuɗi? Me ya sa rafamaisin bai cika yi mata wannan illar ba? Mai ciwon daji da aka ba ifilimumab, maganin toshe CTLA-4, ya dawo da gudawa mai tsanani: daga ina? Yaro namiji ɗan wata biyu da ciwon suga da gudawa: wace ƙwayar gado za ka fara zargi, kuma me ya sa za ka tambayi dangin uwa? Duk inda ka yi tuntuɓe, kibiya ce ta ɓace a zanenka. Koma ka ja ta.

Idan aikin ɗakin gwaji ya kai ka ga ƙirga su

Na'urar ƙirga CD4 da ka saba gani a sashen masu cutar ƙanjamau jimillar CD4 take ba ka, ba ta ware Tireg. Kana buƙatar sitomita, na'urar da ke tantance ƙwayoyi ta hasken rininsu, mai launuka da yawa. Ɗebi jini a kwalbar EDTA mai murfi shunayya ko ta hefarin, ka ajiye shi tsakanin digiri 18 da 25, kada ya daskare, ka yi aikin cikin awa 24. Fara rina na waje: CD3, CD4, CD25, CD127, tare da rinin da ke tona matattun ƙwayoyi. Bayan haka ka ƙafe ƙwayoyin ka huda su da ruwan da aka yi musamman don FOXP3, domin tana can cikin cibiya, rini ba ya isa gare ta ta waje. A allon kwamfuta ka bi layi: limfosait, ɗaiɗaiku, rayayyu, CD3 da CD4, sannan masu CD25 da yawa da CD127 kaɗan, daga ƙarshe FOXP3.

Maganar zafi ba wasa ba ce a garin da Afrilu ke haura digiri 40. Wata shekara an kawo mini kwalaben jini daga wani ƙaramin asibitin ƙauye, a aljihun jakar ɗan acaba, ba ƙunshi ba komai. Da na taɓa su ɗumi ne kamar an sauke daga kan murhu, jinin ya yi duhu, ga wuta ta ɗauke sai washegari. Na yi rowar rinin matattu don ya kusa ƙarewa. Sakamako ya fito da Tireg ninkin-ba-ninkin abin da hankali zai ɗauka, har na fara murnar na gano wani abu. Matattun ƙwayoyi ne, su kuwa kowane rini suka samu sha suke yi. Yanzu kwalba sai a cikin kula, a naɗe da tsumma, ƙanƙara a gefe ba ta taɓa ta ba, a rubuta lokacin ɗiba a jiki.

Ka kuma sani cewa a jikin mutum, sojan hari da ya farka yana ɗaga CD25, har da FOXP3 na ɗan lokaci. Mai zazzaɓi zai iya nuna maka "Tireg" da yawa alhali sojoji ne cikin rigar aro. Hanyar raba gardama biyu ce. Ko a duba ko kwaɗon CNS2 a buɗe yake, ko a gwada aikin kai tsaye: ka rina sojojin hari da CFSE, ka zuba su a ramukan kwanon gwaji tare da abin da zai zuga su, ka ƙara Tireg a ma'auni daban-daban, ɗaya da ɗaya, ɗaya da biyu, ɗaya da huɗu, ɗaya da takwas, ka bar wani rami babu Tireg ko ɗaya. Bayan kwana uku zuwa huɗu ka karanta. Duk rabuwar da ƙwaya ta yi, hasken rinin na raguwa da rabi, don haka ramin da babu Tireg zai nuna tudu-tudu masu dusashewa, wanda take aiki a ciki kuma haskensa zai tsaya kusan inda ka bar shi. Kowane ma'auni ka yi shi rami uku, kuma ka rubuta yawan gulukos ɗin ruwan renon a littafinka, domin ruwan RPMI da aka saba amfani da shi yana ɗauke da giram 2 a kowace lita, kusan ninki biyu na abin da ke jinin mai lafiya kafin ya karya kumallo.